In jira asibitin gwamnati, ko in sayar da adaidaita sahuna a yi wa matata tiyata?

Assalamu alaikum Hajiya. Ni direban adaidaita sahu ne a Kano, kuma keken nawa ne, bara na gama biyan kuɗinsa. Shekararmu bakwai da aure, muna da 'ya ɗaya, sannan matata ta taɓa yin ɓari sau ɗaya. Fiye da shekara ke nan in al'adarta ta zo sai ta yi kwana goma tana zubar da jini guda-guda, har jiri ya riƙa ɗibarta. Mun je wani babban asibitin gwamnati, aka yi hoto aka ce ƙari ne a mahaifa, sai an yi tiyata. Sun ce jininta ya yi ƙasa, PCV 24, suka rubuta mata magani, suka ba mu rana nan da wata huɗu. Wani abokina ya kai mu asibitin kuɗi, likitan can ya ce in na kawo Naira 850,000 zai yi mata aikin cikin mako guda. Abin da ke hannuna bai kai 250,000 ba. In ba keken na sayar ba, ba ni da hanyar cikawa. Mahaifiyarta ta faɗa a gaban mutane wai na fi son ƙarfe a kan 'yarta. Ita kuwa matar tawa ba ta cewa komai, sai dai in dawo in tarar da ita tana kuka. Wallahi ba rowa nake yi ba. Tsoro nake ji in sayar da abin da muke ci da shi, kuma ina tsoron wani abu ya same ta ina nan ina jiran layi. Yaya zan yi?

Wani magidanci daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya ba maiɗakinka lafiya, Ya sa kaffara ne, kai kuma Ya ba ka ladan ɗawainiya. Marowaci ba ya kwana yana juyi a kan irin wannan, don haka ka cire maganar rowa daga ranka tukuna, sannan mu yi magana.

Bisa abin da ka rubuto, shawarata ita ce kada ka sayar da keken nan yanzu. Na ce yanzu, domin akwai halin da in aka shiga, ni da kaina zan ce ka sayar ko da a ranar ne, kuma zan faɗa maka wane hali ne. Amma ba ku kai can ba, kuma dalilin yana cikin wasiƙarka, a wurin da ka wuce da sauri: PCV 24.

Wannan lambar awon yawan jini ce. Mace mai lafiya takan kasance daga 36 zuwa sama. In tiyata ba ta gaggawa ba ce, likitoci sun fi so a kai aƙalla 30 kafin a shiga da mutum ɗakin aiki, balle irin wannan tiyata da aka san ta da cin jini. Ka ja fatar idonta ta ƙasa ka duba, ka buɗe tafin hannunta kusa da naka, za ka ga yadda ya yi fari. Jirin da ke ɗibarta, da hakin da take yi in ta ɗan yi shara, duk daga nan suke. Kai da kanka ba za ka ɗauki fasinja daga Kabuga zuwa Mariri da ɗan guntun mai a ƙasan tanki ba. To ko yau aka ɗora maka Naira miliyan a hannu, aikin farko da ke gabanku shi ne a tsayar da zubar nan, a ɗaga jininta. Ana iya yin hakan da sauri ta hanyar ƙarin jini, ana iya yi da magani cikin makonni. Abin da nake so ka tuna shi ne, da likitan asibitin kuɗin ya ce mako guda, ya dubi takardar gwajin jinin? Me ya ce zai yi a kai? In ya yi maka bayanin leda nawa za a ƙara mata kafin aiki da inda za a samo, to ya san abin da yake yi. In kuwa maganar kuɗi da rana kawai aka yi, wannan kaɗai ya isa ka ja da baya.

Shi ƙarin mahaifa tsiro ne da ke fitowa a jikin naman mahaifa. Ya yi yawa ƙwarai a tsakanin mata baƙar fata, da yawa ma suna ɗauke da shi ba su sani ba. Kusan kodayaushe ba ciwon daji ba ne, kuma a hankali yake girma, shi ya sa likitoci ke iya sa masa rana. Abin da ke kayar da mace shi ne jinin da yake sa ta zubar. Saboda haka wata huɗun nan ba na naɗe hannu ba ne. Ta riƙa shan maganin ƙarin jinin kullum ba fashi, kada ta haɗa shi da shayi domin shayi yana hana jiki tsotsarsa, ta sha da ruwa ko da lemo. In bayan gidanta ya yi baƙi kada ku tsorata, aikin maganin ne. Hanta, nama, kifi, wake, zogale, alayyafo, duk abin da ya sauwaƙa a cikinsu ka riƙa shigowa da shi. Akwai kuma magungunan da likita ke bayarwa don rage zubar a kwanakin al'ada, da allurar da ke tsayar da al'adar na ɗan lokaci har ƙarin ya ɗan motse kafin tiyata. In al'ada ta gaba ta zo babu sauƙi, kada ku ce sai ranar da aka rubuta a kati. Ku koma asibitin, ku ce maganin bai riƙe ba, a sake auna jinin. Mutane da yawa suna ɗauka in an ba su rana an rufe musu ƙofa ke nan sai ranar, alhali ba haka ba ne.

Masu tallan maganin da ke narkar da ƙari a rediyo da bakin kasuwa kuwa, ka rufe kunnenka. Za su cinye 250,000 ɗin nan kwalba-kwalba, ƙarin yana nan inda yake, wani lokacin ma a taɓa mata ƙoda ko hanta.

Yanzu ita tiyatar kanta. Iri biyu ce. Akwai wadda ake cire ƙarin a bar mahaifa, akwai wadda ake cire mahaifar gaba ɗaya. Ku da kuke da 'ya ɗaya, na san ta farkon kuke so, kuma ita ce ta fi neman gwanin hannu, domin a jikin mahaifar ake yanka a ciro ƙarin ɗaya bayan ɗaya a ɗinke, wuri ne kuma mai yawan jijiyoyin jini. Kafin a shiga za a kawo takardar sa hannu, kuma a cikinta akan rubuta cewa in jini ya ƙi tsayawa za a iya cire mahaifar don a ceci rai. Ba a cika kaiwa ga haka ba, amma yana faruwa. Ka ga ashe babbar tambaya ba ta wane asibiti ne ya fi kyan gini ko saurin ba da rana ba. Wa zai riƙe wuƙar? Ƙwararren likitan mata ne da ya saba da wannan aiki, ko likita ne na gama-gari da ke taɓa kowane fanni? Wa zai sa ta barci ya tsaya a kanta har ta farfaɗo? In aka buƙaci jini leda uku da ƙarfe biyun dare, a cikin asibitin yake ko sai an tura yaro a babur? In wuta ta ɗauke fa? In ta buƙaci ɗakin kulawa ta musamman, akwai shi?

A manyan asibitocin gwamnati, duk da tarin matsalolinsu, waɗannan abubuwa a ƙarƙashin rufi ɗaya suke: ma'ajiyar jini, likitocin sa barci, likitocin fitsari da na hanji da za a iya kira in aiki ya rikice. Asibitocin kuɗi kuwa suna suka tara. Akwai waɗanda suke da duk abin da na lissafa har da ƙari, kuma irinsu ba su da araha. Akwai kuma gida mai ɗaki huɗu da aka shafa wa fenti aka kafa allo. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda labarin irin waɗannan ƙananan yakan ƙare in an samu tangarɗa: cikin dare a sa mara lafiya a mota a ce a garzaya asibitin koyarwa, wato inda aka guda tun farko, ga kuɗi sun tafi, ga jiki ya raunana. A Kano akwai hukumar PHIMA da ke yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista tana sa musu ido, kuma ta sha rufe waɗanda ba su cika ƙa'ida ba. Kowane likita kuma dole ya kasance da lasisin hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN. Ba rashin kunya ba ne ka nemi ganin takardar rajistar asibiti, ko ka tambayi sunan wanda zai yi aikin da matsayinsa. Wanda ya fusata don ka tambaya, ya riga ya ba ka amsa.

Ba ina wanke asibitin gwamnati ba ne. Duk wanda ya taɓa jinya a can ya san yadda ake sallar asuba a kama hanya don a samu lamba, a zauna a benci har azahar, a ce fayil ya ɓata, a tura ka wancan gini ka biya kuɗi ka dawo da rasit. Ya san 'yar takardar da ake miƙo wa mai jinya ta taga, a ce je ka kemis ka sayo safar hannu, ledar ruwa da allura. Ya san mata masu jinya da ke kwana a kan tabarma a baranda, da tsawar da wani ma'aikacin kan daka wa mutumin da ya haife shi. Ranar da aka ba ku ma tana iya gocewa, ko don an samu masu buƙatar gaggawa, ko don yajin aiki. A 2021 likitoci masu neman ƙwarewa sun yi wata biyu cur suna yajin aiki, daga Agusta zuwa farkon Oktoba, kuma su ne ƙashin bayan asibitocin koyarwa. Dogon layin ma yana da dalili. Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru, waɗanda suka rage su ke ɗauke da mu duka. Wanda yake da hali ya je asibitin kuɗi mai kyau ya sayi lokaci, sirri da kwanciyar hankali, bai yi laifi ba, kuɗinsa sun yi masa rana. Sau da yawa ma likitan da ke duba mutane da safe a asibitin gwamnati shi ne ke yin tiyata da yamma a na kuɗi. Hannun ɗaya ne, abin da aka biya shi ne tsallake layi. Tambayar da ke gabanka ita ce ko tsallake layin nan ya kai a ba da keken da ke ciyar da gida.

Mu yi lissafi irin na gida. Ka koma ka ce a rubuta maka abin da 850,000 ɗin ta ƙunsa. Da jini a ciki? Da gwaje-gwajen kafin aiki? Kwana nawa na gado? Maganin bayan sallama da wankin ciwo fa? In aka samu matsala aka sake shiga da ita, wa zai biya? Kuɗin da ake faɗa a baki da wanda ake biya ranar sallama ba su cika zama ɗaya ba. Bayan an dawo gida za ta yi kamar mako shida ba ta aikin ƙarfi, tana buƙatar abinci mai kyau. Likita zai ce a dakata da ɗaukar ciki na wasu watanni har mahaifa ta warke. In Allah Ya kawo rabo, mai yiwuwa a ce haihuwar sai ta tiyata saboda ɗinkin da ke jikin mahaifa. Shi ƙarin ma yakan sake tsirowa bayan shekaru. Ka ga tafiyar ba ta mako guda ba ce, kuma keken nan ne zai yi ta biyan kowane zango. In ka sayar, gobe ka koma karɓar na wani kana kai balas kullum, abin da zai rage maka ba zai riƙe gida da mai jinya ba, kuma kai ka fi ni sanin shekara nawa ka yi kafin ka mallaki wannan. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a neman lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, shi ya sa ciwo ɗaya ke tsiyata gida. Ba na so gidanka ya shiga wannan sahu a kan abin da ake iya yi ta wata hanya.

Kuma kada ka ɗauka zaɓi biyu ne kawai a gabanka. Na gwamnatin ma ba kyauta ba ne, don haka ka fara da zuwa a ƙiyasta maka abin da aikin zai ci a can, ka san inda 250,000 ɗinka ta tsaya. Manyan asibitocin gwamnati da yawa suna da ɓangaren masu biya, wanda ake kira aminiti, inda kuɗin ya ɗara na gama-gari amma ana samun ɗaki mai sauƙin cunkoso, wani lokacin da rana mafi kusa, ga shi kuma kana cikin asibitin da ke da jini da ƙwararru. Ka tambaya. Ka kuma gaya wa likitan cewa in wani ya fasa ko aka samu gurbi a kira ku, ka bar lambar waya biyu. Ana samun irin wannan gurbin, kuma wanda gwajinsa ya kammala, jininsa ya hau, masu ba shi jini suna kusa, shi ake kira. Hoto da gwajin jini, in layinsu ya yi tsawo, ka biya a yi a waje a wurin da likitan ya yarda da sakamakonsu. Nan ne kuɗi kaɗan ke sayen lokaci mai yawa. Sannan Kano ba asibitin gwamnati ɗaya gare ta ba. Akwai Asibitin Malam Aminu Kano, akwai Murtala, akwai Nassarawa, duk suna da sashen mata, kuma tsawon layinsu ba ɗaya ba ne.

In da wurin da zan ce ka kashe kuɗi a asibitin kuɗi ba tare da na yi jinkiri ba, shi ne ganin ƙwararren likitan mata sau ɗaya don jin ra'ayi na biyu. Ku tafi da hoton da duk takardun gwaji. Ku ce masa ba aiki kuka zo a yi ba, tambaya kuka zo yi: jiran wata huɗu zai cutar da ita ko kuwa? Ƙarin guda nawa ne, ina suke, sun danne wani abu? Za a iya barin mahaifar? Kuɗin ganin likita ba zai taɓa jarinka ba, kuma amsar da za ka samu ita ce za ta raba gardamar nan, ba surutun dangi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba mara lafiya haƙƙin a yi masa bayanin ciwonsa, hanyoyin magani da haɗarin kowace, cikin harshen da yake ji. Wannan haƙƙin yana aiki a asibitin gwamnati kamar yadda yake aiki a na kuɗi. Ka rubuta tambayoyinka a takarda tun daga gida, domin a gaban likita kan mutum yakan ɗaure.

Ga halin da na ce zan faɗa maka. In likita ya ce ƙarin ya danne hanyar fitsari har ƙoda ta fara kumbura, ko fitsari ya fara ƙin fita, ko jinin ya ƙi tsayawa duk da magani har ana ta ƙara mata leda bayan leda, ko hoton ya nuna abin da ba su natsu da shi ba, to jira ya ƙare. A irin wannan hali asibitin gwamnatin ma yakan matso da rana, don haka can za ka fara komawa. In suka kasa, ko aka shiga yajin aikin da ba a san ranar ƙarewarsa ba, sai ka nemi asibitin kuɗi wanda ya amsa tambayoyin nan da kyau, ka sayar da keken, kada ka waiwaya. Ana sake sayen keke. In kuma wata rana ka ga tana jiƙa ƙunzugu duk awa guda, sau da yawa a jere, ko ta suma, ko numfashi yana yi mata wuya tana zaune, ko ciwon mara mai tsanani ya zo da zazzaɓi, wannan ba na jiran safiya ba ne. Ka ɗauke ta zuwa sashen gaggawa na babban asibiti mafi kusa. Sashe na 20 na waccan doka ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Duk da haka ka riƙe wani abu a aljihu saboda magani da kayan aiki, kuma saboda irin wannan dare ne nake so 250,000 ɗin nan ta zauna ba a taɓa ta ba.

Kafin a kai ga keke akwai ƙofofin da ba ka ƙwanƙwasa ba. Manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya da ke duba halin masu ƙaramin ƙarfi, wani lokaci a rage musu wani abu ko a haɗa su da masu taimako. Akwai Hukumar Zakka da Hubusi. Akwai ƙungiyarku ta 'yan adaidaita, akwai adashi da za a iya roƙo a ba ku ɗauka ta gaba, akwai 'yan'uwanka da nata. Bashin ruwa da na manhajojin waya kuwa ka yi nesa da su. Ka kuma leƙa ofishin KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, ko na NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar NHIS. Ba ma'aikatan gwamnati kaɗai ke shiga ba, akwai tsarin masu sana'ar kansu. Akan yi ɗan jira bayan rajista kafin katin ya fara aiki, don haka ka tambaye su ƙarara ko zai kama wannan tiyata. Ko bai kama ba, ka yi wa gidanka rajista saboda gaba, musamman awon ciki da haihuwa. A Nuwamban 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa, ka riƙe wannan a ranka in lokacin ya zo.

Sai maganar da ta fi tsaya mini a rai a duk wasiƙar. Ka faɗi abin da likitoci biyu suka ce, da abin da abokinka ya yi, da abin da surukarka ta faɗa. Mai ciwon ce kaɗai ba mu ji bakinta ba. Ƙanena, jikinta ne za a buɗe, ita za ta sa hannu a takardar nan, kuma kukan da take yi ba lallai na jinkirin tiyata ba ne. Mace mai 'ya ɗaya da ɓari ɗaya, aka ce mata akwai abu a mahaifarta, abin da ke hana ta barci daban ne. Tana tunanin ko za ta farka a ce an cire mahaifar. Tana tunanin ko za ta sake haihuwa, in kuma ba ta sake ba, me zai biyo baya a gidan. Tana jin ana maganar sayar da keke saboda ita, tana ganin ta zama nauyi. Ga mahaifiyarta a gefe, ga mijinta a gefe, duk wanda ta goya wa baya ta ɓata wa ɗaya. Shirun nan nata ba yarda ba ne, ba kuma ƙi ba ne, rasa abin cewa ne. Ka samu dare bayan yarinya ta yi barci, ka ajiye waya, ka zauna kusa da ita. Kada ka fara da lissafin kuɗi. Ka tambaye ta me ta fi tsoro, ka yi shiru har ta gama, ko da za ta daɗe ba ta fara ba. In akwai abin da za ka iya yi mata alkawari da gaskiya game da zamanku, ko an sake haihuwa ko ba a sake ba, ka faɗa mata da bakinka, domin ba za ta tambaya ba. Sannan ka shimfiɗa mata duk abin da ke gabanku, ka ji wanne ta fi natsuwa da shi. Tana iya cewa ta fi son likita mace, ko tana tsoron wani asibitin saboda abin da ya taɓa samun wata tata a can. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, a sa su cikin lissafi.

Ita kuma Mama, maganarta ta yi zafi, kuma bai dace a faɗe ta a gaban mutane ba. Amma uwa ce da ke kallon 'yarta tana ɗashewa wata bayan wata, a idonta kuma asibitin kuɗi shi ne alamar an damu. Kada ka mayar mata da magana, kada kuma ka aika matarka ta kare ka a wurinta. Ka je gida ka gaishe ta, in da hali tare da wani babba da take jin nauyinsa, kawun matarka ko yayanta. Ka nuna musu takardun, ka ce Mama jininta ne ya yi ƙasa, ga abin da ake yi a kai, ga ranar da za mu koma, ina so ki raka mu ki ji daga bakin likita. Uwar da ta zauna a gaban likita ta ji da kunnenta cewa sai jini ya hau kafin a yi aiki, da wuya ta sake cewa an fi son ƙarfe. In kuma danginta suka dage sai asibitin kuɗi, ƙofa a buɗe take su kawo nasu gudummawar a haɗa, ka faɗi haka cikin ladabi ba da gatse ba. Ka ba ta wani aiki a jinyar ma, kamar kula da abincin 'yarta da shan maganinta a kan lokaci, domin zaman jiran da babu abin yi shi ke ƙara wa uwa zafin baki.

Abu ɗaya da za ka fara gobe, ko a ina aka ƙare da yin aikin, shi ne neman masu ba da jini. Kowane asibiti zai ce ku kawo, yawanci leda biyu ko fiye, kuma neman jini a ranar da ake buƙatarsa shi ne ke sa a ɗage tiyata ko a faɗa hannun 'yan sayarwa a bakin ƙofa. Ka san rukunin jininta. Ka yi magana da mutum huɗu ko biyar masu lafiya cikin 'yan'uwa da abokan aikinka na tasha, ka karɓi lambobinsu, ka tambayi ma'ajiyar jinin asibitin yaushe ya dace su zo a gwada su. In ka koma wurin likita ka ce masa masu ba da jini suna nan a shirye, ka ga yadda maganar rana za ta sauya. Ka sake rubuto mini bayan an maimaita gwajin jinin, ina so in ji inda lambar ta kai. Allah Ya tashi kafaɗarta, Ya sa a yi aiki a sa'a.